Gwangwanin Shef Ɗalhatu

Malam Ɗalhatu ya sauka Dubai da jaka biyu da wani tari da ke riga shi shiga ko'ina. Babbar jakar ta kayan sawa ce, da kilishin da 'yarsa Ramlat ta roƙe shi a waya kada ya ɗauko, shi kuma ya ɗauko. Ƙaramar ta fata ce, aikin Agadas, kuma tun daga Yamai bai yarda ta rabu da jikinsa ba, ko da zai shiga bayin jirgi. A cikinta akwai takardun aikinsa na shekara ashirin da shida a ramin haƙar yuraniyom na Arlit, sai kuma na amininsa Sabo, wanda aka binne bara bayan ya yi wata goma sha ɗaya yana irin wannan tarin.

Ramlat ta ɗauka neman magani ne ya kawo mahaifinta, shi kuma bai musa mata ba. Amma ya ga yadda tarin ya yi da Sabo, ya ga yadda ya yi da wasu kafin Sabo, don haka ba ya yaudarar kansa. Abin da ya zo nema takarda ce, shafi ɗaya tak, daga hannun likitan da ba kamfani ke ciyar da shi ba, wadda za ta ce ramin ne. Domin a asibitin kamfani, abin da aka rubuta ya kashe Sabo shi ne taba sigari. Sabo kuwa mutum ne da in ka kunna sigari kusa da shi sai ya naɗe tabarmarsa ya bar maka wurin. Matarsa Maimuna ba ta yi gardama da kowa ba, ta dai adana rubutun, ranar da ta ji Ɗalhatu zai yi tafiya ta kawo masa takardun duka a cikin leda.

"Shef," ta ce, don haka kowa ke kiransa tun yana shugaban ayarin mutum goma sha biyu a ƙarƙashin ƙasa, "ni ba diyya nika nema ba. So nike ɗiyanai su san abin da ya ci ubansu."

Shi ma abin da yake so a faɗa wa nasa 'ya'yan ke nan, tun yana da kunnen jin an faɗa.

Mijin Ramlat, Alhaji Muhyiddeen, Bakano ne mai ofishin kago a Deira, yana loda wa 'yan kasuwa kwantena zuwa Legas da Kwatano. Mutumin kirki ne, aibinsa guda ɗaya: yana nuna wa baƙo Dubai kamar shi ya gina ta da aljihunsa. Tun daga filin jirgi har gidansu a Al Rigga bakinsa bai huta ba.

"Baba, ka ga fitilun nan da ke ci da rana tsaka? Ba a ɗauke wuta a nan. Wallahi shekarata tara ban ga ta ƙifta ba. Kuma har da ta nukiliya a ciki, suna da tashar a can Abu Dhabi. Irin dutsen nan naku ke nan, Baba."

Ɗalhatu ya leƙa ta taga ya ga shagunan zinare sun kunna ƙwai ɗari don haska sarƙa guda. Ya tuna shekarun da 'ya'yansa suka yi karatu da fitilar kananzir, kilomita kaɗan daga ramin. Bai ji haushi ba, gaskiya ma daɗi ya ji, don mutum yana son ganin inda guminsa ya nufa ko da ba zai dawo ba. Ya ce, "Madalla, Alhaji," ya ci gaba da tarinsa.

A rana ta uku Alhaji ya ce yana da kaya a Al Quoz da za a rufe kafin azahar, ya yi "yalla, khalas" a waya sau bakwai ya fice. Ramlat ce ta ɗauki mahaifinta a jirgin ƙasan metiro zuwa asibiti. Likitan, wani Ba'indiye mai furfura a gefen kunne, ya saurari ƙirjinsa, ya karɓi takardun jakar fata ya ce zai duba, sannan ya tura shi ɗakin hoto.

Wadda ke ɗaukar hoton ta dubi sunansa a fom, ta dubi hularsa, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Yaya jiki?" Ɗalhatu ya yi tsaye kamar an kira shi daga gida. Sunanta Hephzibah, 'yar Kafanchan ce, shekararta huɗu tana aiki a nan. Ya gwada sunan sau biyu, harshensa ya ƙi, sai ya haƙura ya koma ce mata ɗiyata. Tana gyara masa kwanciya a kan na'urar idonsa ya sauka a kan wani ɗan abu na roba da ke maƙale a ƙirjin rigarta, bai kai kwalin ashana ba, da sunanta da lamba a jiki. Ya gane shi nan take, yadda mutum ke gane tsohon abokin gabarsa a kasuwar wani gari.

Dozimeta sunansa a bakin Nasara, amma a Arlit ɗan tsegumi suke ce masa. Kowane ma'aikaci yana da nasa. Aikinsa ya haɗiye labarin wani tururi da dutsen ke fitarwa, wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, sannan ƙarshen wata a tattara su a kai ofis su faɗi abin da suka gani. In naka ya cika, sai a fito da kai daga rami a miƙa maka tsintsiya. Kuɗin aikin ƙarƙashin ƙasa ya tafi, wani lokaci har gidan kamfani ya bi shi, kuma matarka za ta ji daga bakin matan unguwa cewa mijinta ya koma mai shara. A shekararsa ta uku Ɗalhatu ya ga an yi wa magidanta uku haka, ya zauna ya yi lissafin da duk ayarin suka daɗe suna yi masa addu'a a kai: ɗan tsegumi ba ya faɗin abin da bai gani ba.

Sai ya samo gwangwanin madarar gari, babba, ya ɓoye bayan tankin ruwa a bakin rami. Da safe kowa ya jefa nasa ya sauka, da yamma kowa ya ɗauka ya maƙala. Ranar Alhamis kawai ake sauka da su, don su sami ɗan abin faɗa kada ofis ya yi zargi. Shi ke riƙe da gwangwanin, shi ke ƙirga su, kuma ko sau ɗaya bai ba wani na wani ba. Ayarinsa su ke cin dutse mafi ƙarfi a ramin, su kuma ke da takardu mafi tsabta, amma babu wani mai digiri a ofis da wannan ya taɓa hana barci. Lambar yabo ma aka ba su, sau biyu, ta ayarin da ya fi kowa kiyaye lafiya, aka yanka rago aka ɗauki hoto.

Da aka gama hoton ya zauna yana ɗaura maɓallin riga, ya ga yarinyar tana da hankali kuma tana nesa da gida. Ya ga bai kamata ya tafi bai bar mata wani abu ba. Ya rage murya.

"Ɗiyata, wanga abu da ke ga ƙirjinki, na san shi tun ba a haihe ki ba. In ba ki shawara ta uba? Ki riƙa barin shi cikin durowa. Sau ɗaya a sati ya isa."

Hephzibah ta yi dariya, ta zaci barkwancin tsofaffi ne. "Baba, ai sai su kore ni."

"A'a, in ya cika ne za su kore ki. Mu da muka yi aikin mun sani." Ya ba ta labarin gwangwanin daga farko, da tankin ruwa, da Alhamis, da ragon, yana murmushin mutumin da ke ba da gadon da ya fi gona. Bai lura da lokacin da dariyarta ta tsaya ba.

"Shekara nawa kuka yi kuna haka, Baba?"

"Ashirin da ukku. Ko sau guda ba a kama mu ba."

"Takardun da kuka ba likita fa, na abin da ya auna ne?"

"Su ne. Tas suke, babu tabo ko ɗaya."

Ta daɗe tana gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara. Daga nan ta ce bari ta nemi izini ta raka shi wurin likita, tunda Turancin asibiti daban yake da na kasuwa.

Likitan ya ɗora hoton a allo, ya nuna wata inuwa a huhun dama, ya yi maganar ɗibar tsoka a gwada. Ramlat ta kama bakin mayafinta ta danne. Ɗalhatu ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce a bar wannan tukuna, jiki magayi ne, ya riga ya gaya masa. A yi maganar takarda.

Likitan ya jawo takardun, ya buɗe nasa, ya buɗe na Sabo, ya bi lambobin da bakin biro. Ya yi magana, Hephzibah ta fassara idonta a ƙasa.

"Ya ce bai taɓa ganin mahaƙin da ke da lambobi ƙanana haka ba."

Ɗalhatu ya gyara zama, ya dubi 'yarsa don ta shaida.

"Ya ce in aka bi takardun nan, abin da ya shiga jikinku bai kai na akawun da ke zaune a ofis ba. Ku da marigayin duka." Ta ci gaba. "Don haka ba zai iya rubuta cewa ramin ne ba. Duk likitan da kamfani ya kawo zai ɗaga takardun nan ya ce ga shaida, kuma shaidar ku kuka kawo ta."

Murmushin bai bar fuskarsa nan da nan ba, sai da ya ɗan jira kamar baƙon da bai gane an sallame shi ba. Shekara da shekaru yana ajiye takardun nan cikin leda, yana hana yara taɓawa, a zatonsa takardun yabo ne, irin na ɗalibin da bai taɓa makara ba. Ya ɗauko su daga Arlit zuwa Agadas, daga Agadas zuwa Yamai, ya haye teku da su a cinya, ashe lauyan kamfani ya yi wa dako.

"Baba," in ji Hephzibah a hankali, "in gaya masa maganar gwangwanin?"

"Wane gwangwani?" Ramlat ta tambaya.

Bai dubi 'yarsa ba. Ya ce, "Hwaɗa mishi."

Ta faɗa. Likitan ya cire tabarau ya ajiye, ya murza idanunsa, ya yi wata tambaya, ta amsa, ya sake yin wata. Da ya buɗe baki a karo na uku muryarsa ta sauka, kuma Hephzibah ta fassara kalma bayan kalma, ba ta rage ba, ba ta sa zuma ba.

"Ya ce yanzu kam ya yarda da ku, a ganinsa ramin ne. Amma abin da zai iya rubutawa shi ne, mara lafiya ya faɗa da bakinsa cewa ba a sauka da na'urar, kuma shi ne ke tattarawa. Ya ce ku sani, duk wanda ya karanta zai ga sunanku kafin ya ga na kamfani."

"Shi wanga abu," Ɗalhatu ya nuna ƙirjinta da haɓa, "tambaye shi. In ya cika aka hidda mutum, don mi ake hidda shi?"

Ba ta tambayi likitan ba, ta san amsar. "Don a fitar da shi kafin abin ya yi masa yawa, Baba. Ni ma in nawa ya cika hutu za a ba ni. Ba don ya kai ƙarata aka ba ni shi ba."

To, gaba kura baya siyaki. In ya yi shiru, takarda ta ce lafiyarsu lau suka yi aiki, Sabo ya ci gaba da zama mashayin taba a kabarinsa. In ya yi magana, takarda ta ce ramin ne, amma da hannun Shef. Ɗalhatu ya ji wata kunya da bai taɓa jin irinta ba, ta haɗu da tsoro. Ya fara ƙirga mutanen ayarinsa a zuci, su goma sha biyu da ya saba ƙirga na'urorinsu kowace safiya, ya kai na bakwai cikin waɗanda ya bi gawarsu, ya daina.

Ya so ya ce ai ofis sun sani, kuma ba ƙarya zai yi ba, don wanda ya ga an fito daga ramin gawayi da farar riga shekara ashirin bai tambaya ba, ya san abin da yake gudun ji. Amma ofis ba su taɓa riƙe gwangwanin ba, kuma babu takardar da ke auna abin da mutum ya ƙi tambaya.

"Ya rubuta," ya ce. "Da sunana. Ya sa na Sabo a ƙasa."

Likitan ya rubuta, ya sa hannu, ya buga hatimi. Shafi ɗaya ne tak, kamar yadda ya zo nema. Hephzibah ta raka su har bakin lif, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, Baba. Ya ce amin, ya ƙara da cewa ta manta da shawararsa. Ta ce ta riga ta manta.

A metiro Ramlat ba ta yi maganar gwangwani ba. Ita inuwar da ke allo ce ta tsaya mata, tana ta lissafin ranar da za a dawo gwaji, tana share ido da gefen mayafi. Wani matashi ɗan Filifin ya tashi ya ba tsohon kujera. Ɗalhatu ya zauna da jakar fata a cinya, yana jin nauyinta ya ƙaru da shafi ɗaya.

Bayan la'asar ya ce a kira masa Maimuna. Ramlat ta kira, ta miƙa masa wayar, ta shiga kicin ta ja ƙofa. A Arlit rana ba ta daɗe da karkatawa ba, yana jin kukan awaki da ƙarar turmi a bayanta. Suka gaisa, ta tambayi gajiya, ta tambayi Ramlat da maigidanta, ta tambayi ko gaskiya ne garin ba ya da ƙasa sai siminti. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai ta ce, "To, Shef, an ga likitan?"

"An gani. Maimuna, akwai maganar da ban taɓa hwaɗa miki ba." Ya yi tari, ya jira ya lafa. "Abin nan da ake maƙala muna ga ƙirji. Na Sabo bai cika sauka rami ba. Ni ke amsar shi kowace sahiya, in sa cikin gwangwani. Shekara goma sha tara."

Ya rufe ido yana jiran abin da zai biyo baya. Sai ya ji ta yi dariya, dariyar da bai ji daga bakinta ba tun rasuwar.

"Haba Shef, wannan ce maganar? Ai har gwangwanin na sani, na biyun ma daga ɗakina ya hito. Wata biyu ya rage a hidda Sabo lokacin da ka karɓe shi cikin ayarinka, ina da cikin fari, bai iya barci don tunani. Kai kana zaton don kyan huskarka muka sa wa yaron sunanka? Har ya koma ga Allah yana cewa ba don kai ba da tsintsiya ya tsufa."

"Maimuna, saurara."

"Alheri ba ya ɓacewa, Shef. Takwaranka ma da ya samu aiki sabon ramin da ake haƙa, bara waccan, ranar da zai fara ubansa ya zaunar da shi ya koya mishi duka, har da ta Alhamis. Yaron ya ce yanzu ana sa ido, amma ya samu wurin ajiya. Shekara biyu ke nan takardunsa tas, an ce ma ƙarin girma za a yi mishi." Sannan ta ce, "To, mi likitan ya ce ya kashe Sabo?"

Ɗalhatu ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Takardar ta zame daga cinyarsa ta faɗi a kan kafet.

"Ba ni lambar yaron."

"Lahiya dai?"

"Ba ni lambar, Maimuna, yanzu."

Ta kira wata jika ta karanto masa, shi kuma ya maimaita da ƙarfi har Ramlat ta fito da biro ta rubuta a bayan hannunta. Kafin ya kashe, Maimuna ta ce, "Amma ba ka samunai yanzu, Shef. Yana cikin rami, babu rezo can, waya ba ta shiga. Sai sun hito da yamma."

Duk da haka ya sa aka kira. Wata murya ta mace ta yi bayani da Faransanci, cikin ladabi, cewa ba a iya samun mai wannan lambar. Ya tambayi Ramlat awa nawa ne tsakanin nan da gida, ta ce uku. Ya zauna a bakin kujera, wayar a tafin hannunsa, ya ce ta sake kira.